An gama binciken sarrafa ƙarfe da leza ne, saura ciniki?

Almajirin_Ƙarfe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai manyanmu da suka daɗe a harkar. Na samu gurbin digiri na uku a ɓangaren sarrafa ƙarfe da hasken leza, wato yanka da walda da makamantansu. Da na kai wa yayana labari sai ya ce in sake tunani. Wai wannan gona an riga an nome ta. Jamusawa da Amurkawa sun gama binciken tuntuni, kamfanonin Sin kuma sun zo sun karya farashin injinan, abin da ya rage saye da sayarwa ne kawai. Ya ce in kuɗi nake so in koyi dillancin injin, in kuma ilimi nake so in nemi wani fagen. Don Allah waɗanda suka san abin su faɗa mini gaskiya, ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Mai_Walda_88:
Wa alaikumus salam. Yayanka bai yi ƙarya ba ta fuskar yanka. Shekarata goma sha ɗaya a kan injin yankan falle. Injin farko da na koya a kansa mai iskar CO2 ne, kullum cikin daidaita madubai muke, ga canjin iska, ga cin wuta kamar ba gobe. Wanda nake kai yanzu na faiba ne, hasken ta cikin zaren gilashi yake biyowa har bakin yanka, babu madubin da zan taɓa. Yaron da ya iya kwamfuta, sati biyu ya ishe shi ya fara fitar da aiki. To me ya rage a bincika a nan?

Dakta_Haske:
Malam Mai_Walda, wannan sauƙin da kake ji a hannunka, gumin shekara hamsin ne na mutane irin wanda ƙaninmu ke son zama. A 1960 Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a ɗakin binciken kamfanin Hughes a Kalifoniya, da dutsen yaƙutu ya yi ta. A lokacin har ba'a ake yi, ana cewa an samo magani amma ba a san cutar da zai warkar ba. Kumar Patel ya ƙirƙiro ta CO2 a Bell Labs a 1964. Sai a 1967 Peter Houldcroft a Ingila ya yi dabarar hura iskar oksijin tare da hasken, ya yanka fallen ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya da leza mai wat 300. Daga wannan gwajin sana'arka ta samo asali.

Ita kanta faibar da kake yabo, Elias Snitzer ya nuna za ta yi aiki tun farkon shekarun 1960. Ta kwanta kusan shekara talatin babu mai waiwayarta, sai da harkar sadarwa ta gyara zaren gilashi da ƙananan lezojin da ke cusa masa haske. Da wani ya ce a 1985 an gama bincike tunda CO2 tana yanka lafiya lau, da yau kana nan kana goge madubi.

Mai_Walda_88:
Na karɓi gyara Dakta, Allah ya ƙara basira. Amma tarihi ka ba ni. Tambayar yaron ita ce yau.

Dillalin_Injina:
Bari in shigo, don ni ta ɓangaren ciniki nake kallon abin. Valentin Gapontsev, masanin kimiyya ɗan Rasha, shi ya kafa kamfanin leza na IPG a farkon shekarun 1990, daga baya hedikwatar ta koma Masacusets a Amurka. Su suka mayar da lezar faiba mai ƙarfi kayan masana'anta. CO2 kusan kashi 10 cikin ɗari na wutar da ta sha take mayarwa haske, faiba tana haura kashi 30, wasu ma 40. Kowa ya ga lissafin kuɗin wuta ya san inda zai nufa. A 2018 cinikinsu ya kusa dala biliyan ɗaya da rabi, kuma sama da kashi 40 na wannan ciniki a Sin ake yinsa.

Daga nan labari ya sha bamban. Kamfanonin Sin, Raycus da aka kafa a Wuhan a 2007, da Maxphotonics a Shenzhen, suka fara da ƙananan lezoji na rubutu a jikin ƙarfe, suka hau kilowat ɗaya, uku, shida, har suka wuce goma. Duk matakin da suka taka, farashi sai ya zube. Abin da ake ɗauka kayan gata a da, yanzu ƙaramin shagon ƙira ma yana iya mallaka. Don haka ina tare da yayanka rabi. Ƙera tushen hasken kansa ba ya kawo ribar da yake kawowa a da. Amma dillancin da yake tura ka, shi ma ribarsa ta yi siriri, ni shaida ne. Mai saye yana da farashin mutum biyar a wayarsa kafin ya gaishe ka.

Uwar_Biyu:
Ku yi haƙuri in katse ku, ni baƙuwa ce a nan. Da na ga kan maganar na ɗauka reza ake nufi, na ce yaushe aski ya zama abin digiri na uku.

Mai_Walda_88:
Hajiya ai ba ki yi nisa da gaskiya ba, reza ce ta haske. Bambancin kawai ba ta dakushewa.

Injiniya_Batir:
Ƙanena Almajiri, ka bar batun yankan baƙin ƙarfe, ba a nan gizo ke saƙa ba. Zo ka ga abin da jan ƙarfe ke yi mana. Ina aiki inda ake haɗa batiran motocin lantarki, kuma babu satin da ba ma zama kan matsalar walda.

Hasken faiba tsawon zangonsa, wato ma'aunin da ke bambanta launin haske, kusan maikromita ɗaya ne. Jan ƙarfe mai sanyi kashi 5 kacal yake sha daga irin wannan haske, sauran ya mayar maka kamar madubi. Sai ka ƙara ƙarfi don ya narke. Da zarar ya narke kuma sai shansa ya yi tsalle sama, wutar da ta yi kaɗan ɗazu ta koma ta yi yawa, narkakken ƙarfen ya fantsama, ƙofofi su fito a cikin waldar. A batir, ɗigon tartsatsi ɗaya da ya faɗa inda bai kamata ba yana iya jawo gobara bayan motar ta shekara a kan titi.

Shi ya sa aka koma neman launi. Koren haske mai nanomita 515, jan ƙarfe yana shan kusan kashi 40 nasa tun yana sanyi, shuɗi mai wajen 450 ma ya fi haka. Kamfanin Trumpf na Jamus na sayar da kore, Laserline na sayar da shuɗi. Wasu kuma suka ce a bar launin yadda yake a canja siffar hasken, a yi ɗigo mai zafi a tsakiya da zobe kewaye da shi, don ramin tururin da ke buɗewa cikin narkakken ƙarfe ya daina rufewa yana buɗewa. Wanne ya fi? Ya danganta da kauri, da gudu, da irin haɗin. Har yau muhawara ake. Ga haɗa alminiyam da jan ƙarfe, in suka gauraya fiye da kima sai su haifar da wani sinadari mai gautsi kamar gilashi, waldar ta yi kyau a ido amma girgizar hanya ta tsaga ta. Wanda ya ce maka an gama bincike, ka gayyato shi ya yini ɗaya a wajenmu.

Almajirin_Ƙarfe:
Injiniya na gode ƙwarai. Wannan ramin tururin da ka ambata, ta yaya ake ganinsa alhali yana cikin ƙarfe? Ko hasashe ake yi da kwamfuta?

Dakta_Haske:
Ana yin duka biyu. A manyan cibiyoyi irin Argonne a Amurka da DESY a Hamburg, ana haska ƙarfen da hoton ƙashi mai tsananin ƙarfi ana ɗaukar dubban hotuna a daƙiƙa ɗaya yayin da ake waldar. Sai ka ga ramin yana lilo, gindinsa ya tsinke, kumfa ta maƙale ta zama ƙofa. Na taɓa nuna wa wani tsohon mai walda irin wannan bidiyo, ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya ce shekara talatin yana jin wannan abu a kunnensa bai taɓa ganinsa ba.

Kuma ga misalin da zai amsa wa Mai_Walda tambayarsa ta yau. Wasu masu bincike a Jami'ar Queen's ta Kanada suka ɗauko dabarar da likitocin ido ke auna zurfin fatar ƙwayar ido da ita, suka tura siririn haske na biyu ta cikin hanyar babban, yana auna zurfin ramin ana tsakiyar walda. Suka kafa ɗan kamfani, Laser Depth Dynamics. A 2017 IPG ta saye shi. Aikin ɗaliban jami'a ne fa.

Baban_Ikram:
To ai nan ne nake da ja. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Su waye suka ci moriyar leza, masu bincike ko masu jari? Maiman da ya fara kunna ta bai samu kyautar Nobel ba, Townes da Basov da Prokhorov aka ba a 1964. Gordon Gould da ya raɗa mata suna a littafin rubutunsa a 1957 ya kwashe kusan shekara talatin yana shari'a kan haƙƙin ƙirƙira. Sai 1977 ya samu takardar farko, sai 1987 ya yi nasarar da ta sa kamfanoni suka fara biyansa da gaske, kuma kafin nan ya riga ya sayar da mafi yawan kasonsa don biyan lauyoyi. Ku duba kuma inda kuɗin ke yawo. Kamfanin leza na Coherent ya haɗiye takwaransa Rofin-Sinar a 2016. A 2021 kamfanoni uku, Lumentum da MKS da II-VI, suka yi ta rige-rigen sayen Coherent ɗin, II-VI ta yi nasara a kan kusan dala biliyan bakwai, ta kammala a 2022 har ta ɗauki sunan. A cikin wannan biliyoyin, nawa ya shiga aljihun wanda ya kwana a ɗakin gwaji?

Dillalin_Injina:
Baban Ikram, Gapontsev fa daga ɗakin gwaji ya fito, kuma ya rasu a 2021 yana cikin manyan masu kuɗi. Ya haura hamsin kafin ya kafa kamfanin.

Baban_Ikram:
Mutum ɗaya ka kawo mini. Kawo mini goma.

Tsohon_Malami:
Ku bar ni in sa baki, 'ya'yana. Kuna magana kamar bincike da ciniki kishiyoyi ne. A inda wannan harka ta fi ƙarfi ba haka aka tsara ta ba. Ku dubi cibiyoyin Fraunhofer na Jamus. Gwamnati tana ba su kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gudanarwa, sauran sai sun nemo ta kwangilar kamfanoni da gasar ayyukan bincike. Cibiyarsu ta leza da ke Aachen an buɗe ta a 1985. Ɗalibin da ke can, matsalar da yake rubuta kundinsa a kai wani kamfani ne ya kawo ta ya biya a warware. In ya gama, sau da yawa kamfanin ne ke ɗaukarsa.

A can aka fara aikin narkar da garin ƙarfe da leza shimfiɗa bayan shimfiɗa a 1995, abin da yanzu ake kira buga ƙarfe. Shekara ashirin bayan nan GE ta Amurka, mai ƙera injinan jirgin sama, tana buga bututun feshin mai na injin jirgi samfurin LEAP, abin da a da sai an harhaɗa guntaye ashirin ya koma guda ɗaya, nauyinsa ya ragu da kashi 25. A can kuma aka fito da hanyar lulluɓe ƙarfe da sauri, inda garin ke narkewa a iska kafin ya taɓa jikin abin, ana samun siririn rufi. Yanzu masu ƙera faifan birkin mota suna rububinta saboda sabuwar dokar Turai ta sanya ƙurar birki cikin lissafin abin da mota ke fitarwa.

Abin da zan tambaye ka, ɗana, bai shafi fagen ba. Wanda zai duba aikinka, yana da injin a hannu? Yana da kamfanin da ke kawo masa matsala? Na ga ɗalibai masu ƙwaƙwalwa sun shekara huɗu suna zana walda a kwamfuta ba su taɓa jin warin ƙonannen ƙarfe ba. Wannan ne zai iya cutar da kai.

Baban_Ikram:
Baba, da girmanka, amma buga ƙarfen nan an zuzuta shi fiye da kima. GE ta sayi Concept Laser da Arcam, masu ƙera injinan buga ƙarfe, a 2016 ana ta murna, aka ce masana'antu za su watsar da injinan sassaƙa. Ina aka kwana? Kamfanoni da yawa da suka shiga kasuwar hannun jari da wannan alkawari darajarsu ta zube. SLM Solutions ma, mai ƙera irin waɗannan injinan, Nikon ce ta saye ta a 2023. Abin yana aiki a jirgin sama da haƙoran roba da ƙashin dashe, inda guda ɗaya ke da tsada. A kayan yau da kullum har yanzu zubi da sassaƙa sun fi araha.

Tsohon_Malami:
Ban musa ba. Amma ka lura da dalilin: jinkiri, da ƙofofi a cikin abin da aka buga, da wahalar tabbatar wa hukumar jiragen sama cewa na dubu daidai yake da na farko. Duk ukun aikin mai bincike ne.

Anti_Likitar_Ido:
Ni dai tunda an tara masu leza wuri ɗaya ba zan wuce ban yi magana ba. Waɗannan injinan walda na hannu da suka cika ko'ina, masu kama da bindiga, suna ba ni tsoro. Hasken CO2 fatar gaban ido ce ke shanye shi, ƙuna ce mai zafi amma a waje take. Na faiba kuwa ba a ganinsa, yana ratsa ido kamar hasken rana, ƙwayar idon da kanta ta tattara shi ta ɗora a kan fatar gani ta ciki. Tunda ba ka gan shi ba, ba za ka ƙifta ba. Ba sai ka kalli bakin injin ba, wanda ya dawo daga jikin alminiyam ya isa. Hular walda ta gargajiya ba a yi ta don wannan ba, sai tabarau da aka rubuta tsawon zangon da yake tarewa, da ɗaki rufaffe. Wanda ke wucewa ta bayanka ma yana cikin haɗari. Kuma abin da ya ƙone a can ciki ba ya dawowa.

Mai_Walda_88:
Wallahi Anti kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Wani wuri da na taɓa aiki an sayo irin wannan, mai kawowa ya sauke ya tafi, takardar bayani ma ba a yaren da muke ji take ba. Tabarau ɗaya ya zo da shi, mu shida. Na ce ba zan taɓa ba sai an kewaye wurin, aka ce na cika tsoro. A wata na uku gilashin kariya na bakin ya ƙone, ya ja ruwan tabarau na ciki, aka yi ta kiran mai kawowa wayarsa a kashe. Injin ya yi wata biyar a rufe da tampol. Araha ba ta ado. Sannan masu ƙananan injinan CO2 na yankan katako da roba, don Allah ku daina sa PVC, hayaƙinsa guba ne kuma yana cinye injin da tsatsa.

Dillalin_Injina:
Ka ga wannan labarin na Mai_Walda, shi ne amsar da zan ba yayan Almajiri. Sayar da akwati kowa ya iya. Wanda zai zo ya ce ga dalilin da gefen yankanka ke yin kaushi, rage gudu, sauke inda hasken ke tattaruwa, bar oksijin koma naitirojin tunda ƙarfe mara tsatsa ne, shi ne ba a samu. Manyan kamfanonin irin Trumpf da Bystronic da Amada sun gane haka, shi ya sa suke da ɗakunan da mai saye zai kawo kayansa a gwada masa kafin ya biya. Su wa ke zaune a ɗakunan? Masu irin digirin da kake tunanin gudu.

Kimiyya_Zalla:
Duk kun tsaya kan narkarwa. Akwai lezar da ba ta ba ƙarfe lokacin yin zafi ma. Donna Strickland da Gérard Mourou a Rochester, 1985, suka gano yadda za a miƙe gajeren bugun haske, a ƙara masa ƙarfi, a sake matse shi. Nobel ta 2018 ke nan, tare da Arthur Ashkin. Bugun ya yi gajartar da kafin zafi ya yaɗu gefe, abin da aka haska ya riga ya tashi. Da irinta ake yanka gilashin waya da ƙananan bututun da ake sa wa a jijiyar zuciya. A 2013 Bosch da Trumpf da Jami'ar Jena suka ci kyautar shugaban ƙasar Jamus ta ƙirƙira saboda shigar da ita masana'anta, suna huda ƙofofin feshin mai na injin mota.

Kuma masu cewa CO2 ta mutu su ji wannan. Injinan ASML na Holand da ake buga ƙwaƙwalwar kwamfuta mafi ƙanƙanta da su, a cikinsu lezar CO2 ce ta Trumpf ke harbin ɗigon narkakken kuza sau dubu hamsin a daƙiƙa, kowane ɗigo sau biyu, na farko ya baje shi na biyu ya mayar da shi wuta, daga nan haske mai nanomita 13.5 ke fita. Kamfanin Zeiss na Jamus ke yin madubansa. Babu wani kamfani a duniya da ke sayar da irin wannan injin sai su.

Uwar_Biyu:
Dubu hamsin a daƙiƙa ɗaya? Ikon Allah. Wa ya zauna ya ƙirga?

Baban_Ikram:
Kimiyya_Zalla, ka ƙara ƙarfafa maganata ba ka sani ba. Kamfani ɗaya a Holand, biyu a Jamus. Mutum nawa za su ɗauka? Sauran masu digirin ina za su?

Injiniya_Batir:
Wurinmu za su zo. Wata takwas muna neman wanda ya san walda da leza ya kuma iya karanta abin da na'urorin sa ido ke fitarwa. Masu ɗaya daga ciki suna da yawa, mai duka biyun ne ya gagara.

Almajirin_Ƙarfe:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Baba Tsohon_Malami, na tambaya kamar yadda ka ce. Akwai faiba mai kilowat biyu a sashen, amma mutum huɗu ke layi a kanta, kuma batun da aka ware mini walda ce ta ƙarfe mara tsatsa, ba jan ƙarfe ba. Babu kamfanin da ke cikin aikin tukuna. Na tura wa yayana maganar Dillalin_Injina, ya ce dillali ne ai dole ya hana wani shiga sana'arsa.

Dillalin_Injina:
Ka gaishe mini da yayan naka, ka ce masa ya zo mu raba kwastomomin, har da masu kira ƙarfe biyun dare.

Dakta_Haske:
Kilowat biyu za ta yi jan ƙarfe siriri in ɗigon hasken ƙarami ne, amma ka fara tambaya ko injin yana da kariya daga hasken da ke dawowa, kada ka ƙona musu abin da mutum huɗu ke jira. Wane kaurin zare ne da ita, kuma kan waldar yana iya kaɗa hasken ko tsaye yake?